Ranar da Giwan Ruwa Ya Ja Malam Bunu

Katanga ɗaya ce ta raba gidan Malam Ya'u da na Malam Bunu tela a Azare. Malam Ya'u tsohon malamin gona ne, Bafillacen ƙasar Katagum wanda kiwo ya ƙare a gidansu tun zamanin kakansa. Malam Bunu kuwa Babarbare ne daga Gaidam. Ya zo Azare yana saurayi da keken ɗinkinsa, ya auri Ya Fanna, suka hayayyafa, har furfura ta same shi a nan. Bayan maƙwabtaka da wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, abin da ya ƙara ɗaure su shi ne fatsa. Ba masunta ba ne, ba kuma da kifi suke ci da iyali ba. Sha'awa ce kawai. Idan ruwa ya fara janyewa bayan damina, sukan hau babur ɗin Malam Ya'u da sassafe su nufi kogi ta wajen Katagum, su yini suna jefa ƙugiya.

Sai dai duk tsawon shekarun nan ba su taɓa yarda da juna a kan kifi ba.

Malam Bunu mutumin giwan ruwa ne. A wurinsa duk wanda bai taɓa jin giwan ruwa ya fizgi zare ba, bai san fatsa ba. Yakan ce kifi ne mai girman kai, ba ya cin mushe, sai ka kama masa ƙaramar karfasa mai rai ka saƙala a ƙugiya, ka kai masa har gurbi mai zurfi inda ruwa yake garau, sannan ka zauna jiran ganin damarsa. In ya kama kuwa, sai ya yi tsalle sama yana kaɗa kai, ɓawon jikinsa na walƙiya kamar sabon kwano. Naman fari tas, mai kauri, ba ƙananan ƙayoyi, ko jariri ka ba ba fargaba.

Malam Ya'u kuwa tarwaɗa ce tasa. Yakan ce ita ba ta wulaƙanta baƙo. Ka ba ta tana ta karɓa, ka ba ta hanjin kaza ta karɓa, ko gutsuren sabulu ka saƙala ba za ta raina ba. Ba tsalle take yi ba, ƙasa take nutsawa ta yi ta ja kamar sa a huɗa, kuma in ka fito da ita ka sa a jiƙaƙƙen buhu, da ranta za ka kai ta gida. Ga kitse, ga romo. A yi farfesu da ita, ko a yi bandarta a ajiye don miyar kuka har bazara.

"Kifin taɓo," in ji Malam Bunu. "Mai gashin baki kamar tsohon ɗan doka. Wa zai ci abin da ba shi da ko ɓawo?"

"Kai da kake dawowa da buhu wayam sau nawa?" Malam Ya'u zai ce. "In ba don tarwaɗata ba, da Ya Fanna ta manta ƙamshin kifi."

A kakar shekarar 2006, Malam Bunu ya yi jinyar hawan jini, ya kwanta asibiti, ya fito ya rame. Da lokacin fatsa ya zo ya kafe sai ya je. A safiyar da za su tafi, Malam Ya'u yana ɗaure buhu a bayan babur, sai Ya Fanna ta leƙo zaure da mayafinta.

"Malam Ya'u, ina kwana."

"Lafiya lau, Ya Fanna. Ya mai jiki?"

"Ga shi nan, ya fi ƙarfina. Na hana, ya ƙi. Amana na ba ka. Kar ka bar shi ya shiga ruwa, kar ka bar shi shi kaɗai."

"In Allah ya so, tare za mu zauna."

Suka isa bakin kogi da hantsi, kusa da wani ƙauyen masunta da suka saba sauka. Ruwan bai gama janyewa ba, yana gudu da ƙarfi, ja-ja-ja. Suka bar babur a gidan Hammadu, wani masunci da suka daɗe da sabawa da shi, suka gangara zuwa wata kwana inda kogin ya yi gurbi a ƙarƙashin gaɓa mai tsayi. Nan ne wurin Malam Bunu. Ya kama 'yan karfasarsa, ya saƙala ɗaya, ya jefa, ya zauna ya miƙe ƙafa.

Malam Ya'u ya zauna kusa da shi kamar yadda ya yi alkawari. Ya jefa tasa ƙugiyar da tana, shiru. Tarwaɗa ba ta son irin wannan ruwa. Rana ta ɗaga, ko motsi babu. Can bayan wata doguwar ciyawar kacalla, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, akwai wani kududdufi da ambaliya ta bari, kuma tun daga nan yana hango yadda ruwansa yake ɓulɓula.

Malam Bunu ya lura da inda idonsa yake. "Tashi ka je wurin 'yan'uwanka, Fulata. Zamanka nan kora mini kifi yake yi."

"Ya Fanna ta ce kar in bar ka."

"Ni yaro ne? Ga ni zaune a tudu. In ka yi tari ma zan ji ka."

Malam Ya'u ya tattara kayansa ya tafi. Kududdufin bai ba shi kunya ba. Yana jefawa ana ja. Ya fito da ta farko, baƙa, santsi-santsi, tana gurnani. Ya bi ta da wata, ya ƙara wata. Daɗin kamu ya ɗauke masa hankali har sai da ya ga inuwarsa ta dawo ƙarƙashin ƙafarsa, sannan ya tuna. Ya ɗaure bakin buhu ya komo yana shirya irin tsiyar da zai yi wa abokinsa.

Bai tarar da kowa ba.

Takalman Malam Bunu suna nan a jere, ga hularsa a ƙasa, ga gwangwanin karfasa ya kife. Gaɓar da yake zaune a kai ta zaftare, sabuwar ƙasa ja tana ta zubewa cikin ruwa.

Malam Ya'u ya kira sunansa. Ya sake kira. Ya gangara ya faɗa ruwan har ƙirji yana lalube da hannu, ruwan ya nemi ya kwashe masa ƙafafu, ya kama wata saiwa ya fito da kyar. Daga nan bai san yadda aka yi ya kai ƙauyen ba. Ya dai tsinci kansa a ƙofar gidan Hammadu yana haki, mutane sun kewaye shi, yana ta maimaita magana ɗaya: "Ruwa ya tafi da Malam Bunu."

Hammadu bai tsaya tambaya ba. Ya ɗauki sandar tuƙi da mashin kifi, ya kira maza biyu su bi gaɓa da ƙafa, ya ce wa Malam Ya'u ya shiga kwale-kwale.

"Ya iya ruwa?" Hammadu ya tambaya bayan sun tura.

"Ya iya. A bakin kogi aka haife shi. Amma bai daɗe da tashi daga ciwo ba."

"To, mu sa rai. Zauna tsakiya, Malam, kar ka miƙe."

Ruwa ya ɗauke su. Malam Ya'u yana duban kowane kututture, kowane tarin ciyawa da ya taso. Ba ya iya addu'a mai tsawo, sai "Ya Allahu" kawai ke fita. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne zauren nan da fuskar Ya Fanna. Da wane baki zai faɗa mata? Ya ce ya bar mijinta saboda tarwaɗa? Ya tuna ranar da aka haifi babban ɗansa, Malam Bunu ya kwana biyu bai buɗe shago ba yana taya shi hidima. Ya tuna ko jiya da yamma sun yi musu a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ya ji da ma a ce ya bar masa gaskiya ko sau ɗaya.

Suka wuce kwanar kogi ta farko, suka wuce ta biyu. Masu bin gaɓa suka ɓace a cikin kacalla.

A kwana ta uku akwai wata giyayya da ambaliya ta kayar, rassanta a cikin ruwa. Hammadu ya tsayar da sanda ya karkata kai.

"Ka ji?"

Malam Ya'u bai ji komai ba sai ƙarar ruwa. Can sai ya ji, wata murya a shaƙe daga cikin ganyen.

"Fulata. Sai yanzu?"

Yana nan maƙale a reshe, ruwa har wuya, hannun hagu ya rungume itacen, na dama a miƙe cikin ruwa kamar ana jan sa. Leɓɓansa sun yi fari. Malam Ya'u ya manta da gargaɗin Hammadu, ya zabura, sai da kwale-kwalen ya kusa kifewa. Suka kama shi ta hammata suna ja, ya yi ƙara.

"Hannuna. Zaren ya naɗe ni. Yana nan, bai tafi ba."

Hammadu ya zaro wuƙa zai yanke zaren, sai ya ga ya yi sako-sako. Ya bi shi da hannu a hankali har cikin rassan. Kifin ya gaji, ya naɗe kansa a jikin itace, yana kwance a gefe yana buɗe baki. Hammadu ya soke shi da mashi, suka haɗu su biyu suka jawo shi ciki. Giwan ruwa ne, in aka tsayar da shi zai kai ƙirjin mutum.

Malam Bunu yana kwance a cikin jirgi yana karkarwa, ko kallon kifin bai yi ba. Zaren ya yanka masa wuyan hannu, jini na tsattsafowa. Malam Ya'u ya yage gefen rigarsa ya ɗaure masa. Hammadu ya karɓa ya ƙulla.

"Ka yafe mini," in ji Malam Ya'u. "Bai kamata in tashi ba."

"Ni na kore ka." Malam Bunu ya yi tari, ya tofar da ruwa. "Ya'u, wallahi na so in sake shi. Tun da gaɓar ta zube na so in sake shi. Zaren ne ya ƙi. Na yi kalmar shahada ta fi a ƙirga. Abin da nake ta tunani, Humaira ko aure ban yi mata ba."

Humaira ce autarsa. Malam Ya'u ya kawar da kai ya dubi ruwa, ya bar hawayen suka zubo, bai share ba. Wani sanyi yake ji yana sauka daga ƙirjinsa har cikin ƙafafu, irin wanda mutum ke ji idan an sauke masa kaya bayan doguwar tafiya.

A gidan Hammadu aka hura wuta, aka ba Malam Bunu busassun kaya, aka lulluɓe shi da bargo. Suka yi sallar azahar, shi a zaune. Wani ya je ya ɗauko buhun tarwaɗar da takalman da hular. Meram, matar Hammadu, ta zaɓi manya biyu ta yanka, ta wanke santsin da toka da ruwan zafi, ta zuba citta da masoro da barkono. Ba a jima ba ta aiko da kwano yana tururi.

Malam Bunu ya karɓa da hannun hagu, ya kurɓa, ya sake kurɓa. Gumi ya fara tsattsafo masa a goshi. Bai ajiye kwanon ba sai da ya ga gindinsa, ya tsotse kan ma.

Malam Ya'u ya dube shi.

"Kar ka dube ni," in ji Malam Bunu. "Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi."

"Ni na yi magana?"

"Romon dai ba laifi. Ga wanda sanyi ya kama, ban ce akwai kamarta ba. Amma ka tambayi Hammadu, tarwaɗa ta taɓa jan mutum har kwana ta uku ta kogi?"

Hammadu ya yi dariya. "Ni kar ku sa ni a shari'arku. Duk wanda ya shiga koma, nawa ne."

Suna cikin haka sai ga wani dattijo ya shigo da sallama, ya yi wa Malam Bunu barka, sannan ya ce, "To amma akwai magana. Uzairu direba, mai motar kasuwa, yana nan lokacin da Malam Ya'u ya zo da gudu. Ya ce ya san unguwarku. Tun ɗazu ya kama hanyar Azare."

Malam Ya'u ya zabura. Ya laluba aljihu ya ciro wayarsa, ruwa na ɗiga daga cikinta. A ƙauyen ba mai waya, ko da akwai ma ba sabis.

"Tashi," in ji Malam Bunu, yana yaye bargo. "Tashi mu tafi kafin a raba gadona."

Suka yanke wa Hammadu rabin kifin, ya ƙi, suka matsa masa ya karɓi kai da wani yanki. Sauran aka naɗe a buhu aka ɗaure a bayan babur tare da tarwaɗar. Malam Ya'u ya sa Malam Bunu a tsakiya, tsakanin bayansa da buhun, ya ce ya riƙe shi da kyau. Duk ramin da suka faɗa sai ya tambaya, "Kana nan?" Har Malam Bunu ya gaji ya ce, "In na faɗi zan sanar da kai."

Rana ta yi ja lokacin da suka shigo Azare. Tun daga bakin layi Malam Ya'u ya hango abin da yake tsoro. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Malam Bunu, maza sun zazzauna, liman na tsakiya, ga wata mota an tsayar ana shirin tafiya neman gawa. Mohammed, babban ɗan Malam Bunu, yana tsaye jikin motar ido jawur.

Malam Ya'u ya kashe babur a gabansu. Malam Bunu ya sauko a hankali, cikin rigar Hammadu da ta yi masa gajarta, ya yi sallama.

Sai liman ya miƙe, ya matso, ya kama hannunsa ya jujjuya, ya ce, "Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi." Daga nan wuri ya ruɗe. Mohammed ya rungume ubansa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Uzairu direba, wanda ke zaune a gefen tabarma, ya rasa inda zai sa kansa, yana ta cewa shi abin da ya ji ya faɗa. Malam Ya'u ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Daga bakina ka ji. Ba laifinka."

Malam Bunu ya ja hannun Malam Ya'u suka shiga ciki tare. Tsakar gidan cike da mata. Ya Fanna tana zaune a ƙofar ɗakinta, Saudatu matar Malam Ya'u na riƙe da ita, Humaira ta kifa kai a cinyarta. Da ta ɗaga ido ta ga mijinta, ba ta tashi ba, ba ta yi ihu ba. Ta dube shi tun daga kai har ƙafa, ta faɗi wata magana da Barbarci wadda Malam Ya'u bai gane ba. Malam Bunu ya amsa mata a hankali, ya durƙusa ya dafa kan Humaira. Sai a lokacin Ya Fanna ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suka fara rawa.

Malam Ya'u ya tsaya daga nesa. Da ta ɗan natsa ya ce, "Ya Fanna, ban riƙe amanarki yadda ya kamata ba. Na tashi na bar shi."

Ta share fuska. "Na san wanda na aura, Malam Ya'u. Ko ɗaure shi ka yi a ƙafarka sai ya kwance. Ka tafi da shi, ka dawo da shi. Allah ya saka da alheri."

Mutanen da suka zo ta'aziyya ba a bar su sun tafi haka ba. Matan da suka taru don kuka suka koma kan murhu. Aka yanka giwan ruwan gunduwa-gunduwa aka soya, aka yi farfesun sauran tarwaɗar, bayan magariba aka fito da su a faranti. Nan take musun ya bar hannun masu shi ya koma kan tabarma. Liman ya ce shi soyayyen ya fi masa, don haƙoransa ba sa son neman ƙaya. Wani ɗan kasuwa daga Misau ya ce naman giwan ruwa in ba yaji salam yake, tarwaɗa kuwa da ɗanɗanonta take zuwa. Uzairu ya ci wannan ya ci wancan, ya ce shi yau ba zai ƙara faɗin komai ba.

Malam Ya'u ya ɗauki gunduwa ɗaya ta giwan ruwan. Naman ya rabu fari, falle-falle, yana tururi. Ya ci, ya ji daɗinsa har ransa, ya kuma faɗa a fili. Malam Bunu, wanda wani ma'aikacin asibiti na unguwar yake wanke wa hannu yana auna masa jini, ya ce a shaida, a kuma maimaita masa gobe in ya warware, don yau kunnensa da ruwa.

Da aka yi sallar isha'i Malam Ya'u ya shiga gida. Ya zauna a kan tabarma zai cire takalmi, sai ya ga ashe wasu tsofaffin silifa ne a ƙafarsa, ba nasa ba, bai ma san lokacin da aka ba shi su ba. Saudatu ta kawo fitila ta haska.

"Malam, ka ga ƙafarka kuwa?"

Tafin duk ya tsattsage, ƙayoyi sun shige sun karye a ciki, taɓo ya bushe a kai. Sai yanzu ya fara jin zafin.

Ta ɗebo ruwan ɗumi da gishiri, ta kawo allura, ta ɗora ƙafar a cinyarta ta fara cirewa ɗaya bayan ɗaya. Tana yi tana ba shi labarin yadda Ya Fanna ta hana kowa kuka a gabanta, ta ce ita sai ta ga gawa. Ta ɗago don ta ji abin da zai ce, sai ta ga ya jingina da bango, baki a ɗan buɗe, barci ya riga ya ɗauke shi. Ta gyara fitilar, ta jawo ɗaya ƙafar.